Wayata na zafi, in ɗora ta kan ƙanƙara?

Tambaya: Salam Malam, wayata in ina kallon bidiyo da rana sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, shi ne nake ɗora ta kan ƙanƙarar da muke sanyaya zoɓo a shago, jiya ta sulɓe ta faɗi Allah ya sa sikirin bai fashe ba. Akwai matsala ne? Kuma wai me ke sa ƙanƙara santsi alhali ga ta da tauri kamar dutse?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, don Allah ka daina. Abin da ya sulɓar da wayar shi ne zai kashe maka ita, wato ruwa.

Saman ƙanƙara ba ya taɓa zama busasshe ƙayau. A cikinta ƙwayoyin ruwan sun riƙe juna gam ta ko'ina, amma na can sama babu wanda ya riƙe su ta waje, sai su zama sakaka suna motsi, kamar ka zuba gero a kan siminti ka taka. Michael Faraday, wani masanin kimiyya na Ingila, tun 1850 ya kawo wannan magana, da ya ga in ka haɗa gutsuren ƙanƙara biyu sai su manne. To kai kuma ka ɗora mata waya mai zafi, ai ƙara narkar da saman ka yi, dole ta yi tafiyarta.

Faɗuwar ma da sauƙi. Ka ga yadda ledar fiyo wata ke gumi in an fito da ita daga firij? Haka danshin iska ke taruwa a cikin wayar da ta yi sanyi farat ɗaya, ya kwanta a kan injinta da ramin caji, ba ranar za ka gani ba sai bayan kwana biyu ta fara ƙin caji ko ta riƙa mutuwa da kanta. Apple ma cewa suka yi a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35 na ma'aunin Celsius ne, kuma batirin litiyam, wato irin wanda ke cikin wayoyi, in aka yi cajinsa ƙasa da digiri 0 lahani yake samu, don haka masu jefa waya a firiza ku ma da ku nake.

In ta yi zafi cire ta daga caji, tuɓe mata riga, kashe data, ka ajiye ta a inuwa gaban fanka ta huce da kanta. In kuwa tana zafi ko ba ka taɓa ta ba, ko ka ga bayanta ya kumbura, kai wa mai gyara ya duba batir.