Katifa mai tauri da garantin shekara 10: a saki jiki?

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. Mai shago ya nuna min wata katifa mai tauri, ya ce garantinta shekara 10 ne, ko ta lotsa za a canza mana. Taurin nan da garantin sun isa in biya?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Amma a dakata da kuɗin tukuna.

Tauri daban, ƙarko daban. Ana iya sarrafa soso mara cika ya fito da tauri kamar katako, bayan 'yan watanni ya yi rami daidai kwankwaso. Abin da ya fi nuna daɗewar soso shi ne cikarsa, wato kilo nawa ne a mita ɗaya ta tsawo, faɗi da tsayi. Lissafin ba wuya. Katifa mai ƙafa 6 da 4 da rabi, kauri inci 8, kusan rabin wannan ma'auni ce. In kika ɗora ta a sikeli ta ba da kilo 10, cikarta wajen 20 ke nan, in ta ba da 15, wajen 30. Ta manya biyu da za su kwana kullum, ni dai na fi natsuwa da wadda ta doshi 30.

Sai dai sikelin ma ana yi masa wayo, don akwai masu zuba garin alli a haɗin soso ya ƙara nauyi. Saboda haka ki sa a kwantar da ita, ki dafa gwiwa da ƙarfi, ki ɗaga. Soso mai kyau nan take yake tasowa. Ki duba sunan kamfani a ɗinke jikin yadin, da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya.

Garanti kuwa, abin da ke rubuce shi ne garanti, maganar baki ta ƙare a ƙofar shago. Yawanci kuskuren masana'anta yake ɗauka: ɗinki ya warware, soso ya tsage, ko ramin da ake gani babu kowa a kai, ya kuma kai zurfin da takardar ta ƙayyade. Laushin da katifa ke yi da tsufa ba ya ciki. Tabon ruwa ko fitsarin yara, ƙonewar turaren wuta, naɗe ta a ɗaure bayan Keke, ko gadon da katakansa suka yi nisa da juna, duk suna iya soke shi. Wasu kamfanonin ma ba sabuwa suke bayarwa ba, sai su cire kuɗin shekarun da aka ci.

Ki tambayi mai shagon: wa zai canza, shi ko kamfani? Wa zai biya kuɗin mota? Ki karɓi rasit mai kwanan wata da katin garanti mai hatimin dila, ki ɗauki hotonsu a waya kafin su ɓace cikin hidimar jere. A saya wa amarya shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, kuma ta riƙa juya katifar, kai ya koma ƙafa, duk bayan wata uku.