Hannun mahaifiyata ya kumbura ya yi shunayya bayan allurar farfaɗiya

Tambaya: Likita, an kwantar da mahaifiyata mai shekara 72 saboda jijjigar farfaɗiya da ta ƙi tsayawa, aka sa mata fenitoyin ta jijiyar bayan hannu. Washegari hannun ya kumbura, ya yi shunayya, tana ta kukan zafi. Mene ne wannan, kuma za ta rasa hannun ne?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Abin da kika bayyana ya yi kama da wata matsala da ba a cika gani ba, wadda likitoci suka yi wa laƙabi da "safar hannu mai launin shunayya", domin launin kan mamaye hannun kamar an zura masa safa, amma likitan da ke duba ta ne zai tabbatar.

Ruwan allurar fenitoyin yana da kaifi ƙwarai, ma'aunin pH ɗinsa (wato awon da ke nuna kaifin sinadari) ya kai kusan 12, wanda ya yi sama sosai, saboda haka idan ya tsiyaye daga jijiya zuwa cikin nama, ko ya ƙone bangon jijiyar, sai ta tsuke, jini ya ragu a wurin. Launin yakan fara bayyana cikin awa 2 zuwa 12, kumburi ya biyo baya. Tsofaffi sun fi shiga haɗari, musamman idan an bi ta ƙaramar jijiyar bayan hannu ko an maimaita allurar. Shi ya sa ba a wuce miligiram 50 a minti ɗaya ga babba, ga tsoho a rage, a wanke jijiyar da ruwan gishiri na asibiti, ba a kuma haɗa maganin da ruwan gulukos domin yakan daskare a cikinsa.

Yawancin masu wannan matsala suna warkewa cikin kwanaki ko makonni idan an cire robar allurar, an ɗaga hannun sama, an yi masa gashi da ɗumi marar jiƙa, an ba da maganin zafi. Abin da nake roƙonki shi ne ki sa ido sosai a kan yatsunta. Idan sun yi sanyi, ko ta daina jin taɓawa, ko zafin ya tsananta, ko fata ta fara yin ƙuraje masu ruwa, ki kira likita nan take, domin kumburin na iya danne jijiyoyin jini har a buƙaci tiyatar sassauta naman. Yanke hannu yana faruwa, amma da wuya ƙwarai.

Kada a daina maganin farfaɗiyar da kanku. Ki tambayi likitanta ko za a mayar da ita kan ƙwaya ta baki, ko a sauya mata zuwa wani maganin farfaɗiya, kamar fosfenitoyin ko lebetirasetam.