Wannan tsohuwar gangar lantarkin, kar ka bari a jona ta tukunna

Toh yaro, naga saƙonka da hotunan tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Kace a wajen masu kayan tokumbo a Sabon Gari ka ci karo da wata tsohuwar gangar lantarki mai farantai masu kusurwa shida an rubuta Simmons a jiki, mai shagon yace ka zo a jona a gabanka in ta yi ƙara ka biya, sannan kana tambaya ta wai Oga me mutum zai yi da wannan tarkacen alhali fiyano ɗaya ta Yamaha tana ɗauke da ganguna iri-iri a cikinta. Amsar farko dai, kar ka yarda a jona. In ya matsa maka kace maigidanka ne ya hana.

Dalili kuwa wuta. Kasan tamu volt 230 ce, ta Amurka 120, ta Jafan 100, kuma kayan nan daga ko'ina ake kwaso su a cusa a kwantena ɗaya. Ita Simmons asalinta 'yar Ingila ce, a garin St Albans aka fara ƙera ta, wutar can kusan ɗaya ce da tamu, amma wacce aka kai Amurka aka sayar an saita ta ne kan wutar Amurka, ka danna ta a soket ɗinmu sai dai kaji wari. Kar ka dubi filogi, filogi kowa yana iya yankewa ya canza, ka juya bayan akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga, in akwai makunnin canza wuta ka duba ina aka ajiye shi, ka zaro fiyus ka gani ko na asali ne ko wani ya naɗa masa waya. Masu adafta ma sun fi cin mutum, don masu shago duk adaftar da bakinta ya shiga ramin ita suke zurawa. Akwatin gangar Alesis D4 ta 1991 misali volt 9 take sha amma AC, ba DC ba, su kuma kayan Roland da Boss masu shan DC yawancinsu tsakiyar filogin shi ne negatif, akasin adaftocin da suka cika kasuwa. Minti ɗaya na gwajin mai shago ya isa ya kashe abin da ya shekara arba'in yana raye.

Sannan hotunan da ka turo duk farantai ka ɗauka saboda su ne masu ɗaukar ido, alhali su faranti katako ne da roba da ɗan fiyezo a ciki, shi wannan ɗan faifan tagullar da yake ba da wuta kaɗan in an buge shi, ba sa yin sauti ko kaɗan. Sautin yana cikin akwatin da wayoyin suke tafiya, can kuɗin yake. Ka koma ka ɗauko min gabansa da bayansa da lambar da ke jiki. In kaga SDS-V ko SDS5, wacce ta fito 1981, toh ka shanye murnarka kar mai shago ya gani a fuskarka, ita ce wacce masu tara irin kayan nan a Turai da Amurka suke nema ido rufe. SDS-7 ta 1983 ce, SDS-8 ta 1984 ita ce aka yi wa masu ƙaramin ƙarfi, SDS-9 ta 1985 ita ce ta zo da MIDI, wato hanyar da kayan kiɗan lantarki suke aika wa juna saƙo ta waya. Kuma ka kula, sunan Simmons yanzu yana kan wasu sababbin ganguna masu araha da Guitar Center na Amurka yake sayarwa, waɗannan suna kawai suka haɗa da tsofaffin, kar wani ya sayar maka da su da kuɗin tsohuwa.

In ka samu ya yarda ka kwance murfin, kuma ka dage sai ya yarda, abu na farko da zaka nema batir ne. Akwatunan da suke ajiye saiti a wancan zamanin da yawa an yi musu sodar batir mai caji a jikin fanel, wato allon da kayan lantarkin suke kai, SDS-7 ta yi ƙaurin suna a wannan, in ya tsufa sai ya yi ta zubar da ruwa a hankali yana cin layukan tagulla, zaka ga wani fari-fari ko kore-kore kamar gishiri a gefensa da ƙafafun aisi na kusa, wato IC, ƙananan baƙaƙen nan masu ƙafafu da yawa. In ɗan kaɗan ne ana cire batirin a wanke wajen da ruwan khal a bi da sifirit a bar shi ya bushe sarai, a bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mita, wanda ya yanke a haɗa da siririyar waya. In kuwa ya shige ƙarƙashin soket ɗin aisi ya bazu, aiki ne na kwana da kwanaki, sai farashi ya sauko sosai ko ka haƙura. Kuma kar ka cire mai caji ka maye shi da na agogo irin CR2032 kai tsaye, layin zai ci gaba da tura masa caji shi kuma ba a cajinsa, sai ka sa dayod ya tare. Bayan batir ka dubi kwandansa, wato capacitor masu ajiye wuta, na ɓangaren wuta ko akwai wanda ya kumbura ko ya yi gumi, ka sansana taransifoma, hanci ma kayan aiki ne a sana'ar nan.

Ranar da za'a kunna kuwa a shagonmu za'a kunna, ta ƙwan fitilar nan mai zare na wat 60 da muke jerawa a layin wuta. Kasan karatunsa ai, in ya haska ya dushe lafiya, in ya tsaya da haske fes akwai inda waya ta haɗu, ka kashe nan take. Ba da janareta ba, kuma ta sitabilaiza.

Yanzu tambayarka ta me za'a yi da ita. Gangar da ke cikin fiyano ɗauka ce, an naɗi sauti an ajiye, ka danna sau dubu shi ɗin dai zai fito. SDS-V ba ɗauka take kunnawa ba, a lokacin da sanda ta sauka take haɗa sautin da wutar lantarki, akwai ɓangaren da yake ba da amo, akwai mai ba da wannan shuuu ɗin kamar rediyo ta rasa tasha, akwai ɗan ƙas na farkon bugu, ga maɓallin tsawon sauti ga na lanƙwasa shi, kowanne da abin murɗawarsa a gaba. Lanƙwasar nan ita ce sirrin, amon yana farawa sama ya zubo ƙasa, diuuu, kamar makaɗin kalangu ya matse tsirkiya a hammata ya buga sannan ya saki, kuma ƙarfin bugunka yana canza yadda zata amsa. Akwatin yana da gurbi bakwai, kowace ganga da katinta da ake zarewa, yawanci biyar ake sayarwa da su, babbar ganga ta ƙafa da siniya, wato snare, da matsakaitan ganguna uku da ake ce wa tom, shi yasa in kaga wasu guraben ba kati ba lallai sata aka yi ba amma ka ƙirga ka rage kuɗi. Kafin ita akwai Syndrum ta 1976 a Amurka da Synare mai kama da kwano a kife da Syncussion ta Pearl ta 1979, su ne masu wannan piu piu ɗin na waƙoƙin disko, amma ƙari ake yi da su a gefen ganga ta gaske, Dave Simmons ne ya fito da saiti cikakke da mutum zai zauna a bayansa ya yi kiɗa gaba ɗaya. In kana jin tsohon rege na farkon shekarun 1980 ka kasa kunne, Sly Dunbar na Jamaika ya yi aiki da su sosai, haka Bill Bruford a Ingila. Masu situdiyo a can har gobe suna biyan kuɗi don wannan amon duk da kwamfuta tana kwaikwayonsa, ni kuma a kunnena kwaikwayon ya yi kusa amma ƙasan sautin bai kai nauyin na akwatin ba.

Toh a nan ne nake so ka buɗe kunne, don na san halinku yaran yanzu, kun kalli bidiyo biyu sai ku ɗauki ayon ɗin soda ku ce zaku canza komai. Abin da ake saye a wannan akwatin shi ne kayan cikinsa na asali yadda suke. In ka bi ka tsige duk kwandansa da duk taransisto ka zuba sababbi, ka murɗa ƙananan sukurorin saitin da ke kan fanel don kaga suna murɗuwa, toh zata yi ƙara amma ba ita bace, kuma wanda ya san kaya yana buɗewa zai gane. Abin da ya mutu shi ake canzawa, shi ma ka sa tsohon a leda ka rubuta inda ka ciro shi ka ajiye tare da akwatin. Yawancin ciwonsu ma ba mutuwa bace, datti ne. Katin da ya ƙi magana ka zare shi ka goge haƙoransa da sifirit ka mayar, sau da yawa shikenan. Maɓallin da yake ƙarar yashi ka fesa masa maganin wanke maɓalli na gaske ka yi ta murɗawa, ba man feshin makanikai ba, wannan yana barin maiƙo sai ƙurar hunturu ta zo ta manne ta zama laka. Sodar da ta tsage a gindin soket ka sake narka ta. Akwai aisi guda a katunan SDS-V, SSM2044, shi ne matacin sauti, irinsa ne a cikin Korg Polysix, an daɗe da daina yin na asalin, don haka kar ka kusance shi da ayon mai zafi ba dalili, kuma ka taɓa ƙarfe ka sauke wutar jikinka kafin ka kama kati musamman lokacin sanyi da iska ta bushe.

In SDS-7 ce ko SDS-9 zaka ga wasu aisi masu ɗan tagar gilashi a baya an liƙe da takarda, EPROM kenan, a ciki sautin yake kwance. Takardar nan ba ado bace, hasken rana yana goge abin da ke ciki, kar ka ɓare ta kuma kar ka bar fanel a buɗe a bakin shago kana cin abinci. In muka samu na'urar karanta su gara a kwafe a ajiye a kwamfuta tun suna da rai.

Farantan kuwa gwajinsu ba wuya, ka sa mita a AC mafi ƙanƙanta ka ɗan ƙwanƙwasa kaga ko lamba ta motsa. Wanda ya yi shiru yawanci waya ce ta tsinke ko fiyezo ya ɓalle daga gam, kuma fiyezo ba tsada.

Bugawa ma sai ka koya daban. Farantan farko na SDS-V fuskarsu wata roba ce mai tauri irin ta garkuwar 'yan kwantar da tarzoma, bata lotsawa ko kaɗan, duk ƙarfin da ka sauke yana dawowa cikin wuyan hannunka da gwiwar hannu, makaɗa da yawa sun koka da haka shi yasa daga baya aka koma shimfiɗa roba mai laushi, har Roland ta zo da fatar raga a TD-10 a 1997. Don haka ka sassauta riƙon sanda, ka nemi marar nauyi, ka ƙara jin farantin daga akwatin maimakon ka ƙara ƙarfi, ƙara ai aikin amfilifaya ne. In ka bugi ɗaya na kusa dashi ya amsa, girgiza ce take bi ta ƙarfen da suka rataya, ka rage masa ji ko ka raba musu ƙafa. Kuma kar ka haɗa ta da ƙaramar sifikar gida ko amfilifayar jita, babbar gangar tana da ƙasa mai nauyi zata yaga takardar, ka bi ta miksa zuwa manyan sifiku ka fara da murya ƙasa-ƙasa. SDS-V bata da MIDI don sai 1983 aka fito dashi, kar ka yi ta neman ramin.

Maganar kuɗi, in niyyarka abin zuwa biki ne da zai dawo maka da jarinka duk sati, wannan ba ita bace, nauyi gareta ga wayoyi ga laulayi, gara ka nemi Roland SPD-20 ta 1998, faranti takwas a allo ɗaya ka saɓa a kafaɗa ka tafi, a Indiya ma da ita makaɗan biki suka daɗe suna cin abinci. Ita Simmons ta ɗaki ce da situdiyo, ko a gyara a hankali a jira mai nema. Ka taya ta a matsayin kayan da ba'a gwada ba, kar ka biya kuɗin mai aiki, kuma kafin ka fara ciniki kace ya zazzage maka buhun wayoyin da suka zo tare a kwantenar, ka tsinci nata da fedar ƙafa da ƙarafunan rataye, don in ka baro su a can gobe sai ya sayar maka da su ɗai-ɗai.