Amsoshin tambayoyi: tar, tarkacen fayiloli da filashin bogi

Tambaya: Malam, ina haɗa ajiyar ayyukana a Linux da tar, manhajar dunƙule fayiloli wuri ɗaya, amma kullum sai ya kwaso tarkacen foldojin node_modules da .cache har filashina ya cika. Na sa --exclude don ya tsallake su, bai ji ba. Aikin digirina ne a ciki, hankalina a tashe yake. (Ɗalibi daga Zariya)

Kwantar da hankalinka, ɗana. Ina kyautata zaton a ƙarshen umarnin ka sa shi. Tun daga GNU tar 1.29 na shekarar 2016, --exclude yana aiki ne kan sunayen da suka zo bayansa kawai. Rubuta haka:

tar -czf ajiya.tar.gz --exclude='node_modules' --exclude='.cache' aiki/

In ka yi amfani da tauraro, kamar '*.iso', kar ka cire alamomin nan biyu da suka rufe shi, don shell, wato manhajar da ke karɓar umarninka, zai iya warware tauraron tun kafin tar ya gan shi. In sunayen sun yi yawa, jera su a fayil ɗaya, kowane da layinsa, ka miƙa wa tar fayil ɗin da -X. Bayan ka gama, duba abin da ya shiga da tar -tzf.

Tambaya: In cire .git ma don ajiyar ta ƙara raguwa? (Daga Maraɗi)

Haba! Akwai --exclude-vcs mai cire shi, amma tarihin aikinka kaf yana cikin .git. In ba ka da kwafinsa a wani wuri, me ka ajiye ke nan?

Tambaya: An yi min tayin filashi mai 2TB a kuɗin na 32GB. In saya, in huta da ware fayiloli? (Daga Kaduna)

Kar ki saya, 'yar'uwa. Wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya. Masu bogi suna sauya bayanin da filashi yake gaya wa kwamfuta, sai ƙarami ya nuna kansa babba. Za ki ga kwafi yana tafiya lafiya, sunayen fayiloli suna nan reras, alhali abin da ya wuce ainihin girmansa ya salwanta ko ya danne na farko. A ajiyar tar.gz, irin wadda umarnin sama ke haɗawa, kuwa abin ya fi muni: dunƙule ɗaya ce, in tsakiyarta ta lalace, abin da ke gaba da wurin da wuya ya dawo. Kuma ba za ki sani ba sai ranar da kwamfuta ta mutu kika je neman kayanki. Mutum zai sayi waya mai tsada bai yi ciniki ba, amma a wurin ajiye guminsa na shekaru yake neman araha!

Ko a hannun wa kika saya, ki gwada kafin ki zuba komai: da manhajojin f3write da f3read a Linux, H2testw a Windows. In tsarin ajiyar filashin FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce 4GB, sai ki mai da shi exFAT tukuna.