Tambayoyi da Amsoshi: Ƙashi, Gaɓoɓi da Ɗorin Karaya

Tambaya daga Darazo: Likita, ƙasusuwa nawa ne a jikin mutum?

Amsa: Babban mutum yana da 206. Na jariri sun fi haka yawa, domin wasu suna haɗewa yayin da yake girma.

Tambaya daga Dukku: Ina yawan lanƙwasa yatsuna su yi ƙas, an ce hakan yana jawo amosanin gaɓɓai.

Amsa: Malama, ƙarar daga iskar da ke cikin ruwan gaɓa take fitowa. Muddin babu zafi ko kumburi, babu damuwa.

Tambaya daga Alkaleri: Ɗana ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu. Mai ɗori ya ɗaure shi jiya, yanzu yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, kuma ya kwana yana kuka. Mai ɗorin ya ce alamar ɗori yana kamawa ce, 'yan uwa kuma sun ce idan na kai shi asibiti yanke hannun za a yi.

Amsa: Malam, ka sassauta ɗaurin nan yanzu, ka tallafe hannun, ka kai yaron asibiti yau ɗin nan. Abin da ka bayyana alama ce ta jini ya daina isa yatsu. Wurin da ya karye yana ci gaba da kumbura, idan kuwa an tamke shi da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa cikin awa shida ko makamancin haka, kuma karayar gwiwar hannun yara ta fi haɗari saboda babbar jijiyar jini tana wucewa dab da wurin.

Ya kamata a fahimci cewa ƙashi abu ne mai rai, shi yake ɗinke kansa. Jini yana daskarewa a wurin karayar, sai wani nama mai taushi ya haɗa ɓangarorin biyu, sannan ya taurare cikin makonni. Aikin mai magani shi ne ya daidaita ƙashin ya hana shi motsi, kuma tsananin ɗauri ba ya ƙara wa wannan aiki sauri ko kaɗan.

Maganar yankewa kuwa tana ɓata mini rai. Ana kawo mana yaro bayan mako guda, hannu ya yi baƙi yana wari, a yanke don a ceci ransa, sai a koma gari ana cewa asibiti ne ya yanke. Yaron da aka kawo da wuri, hoto ake ɗauka a daidaita ƙashin a sa siminti, wani lokaci a yi ƙaramin aiki. Daga Alkaleri, Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi ba nisa. Don Allah kada ka jira gobe.

Tambaya daga Kaltungo: Gwiwoyina suna ciwo idan zan tashi daga sujada, ina shan haɗin ƙwayoyin sanyin ƙashi daga kemis.

Amsa: Baba, da alama guringuntsin da ke hana ƙasusuwan gwiwa gugar juna ne ya zaizaye, abin da shekaru da nauyin jiki suke kawowa. Irin wannan haɗi sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu kumbura fuska, su tayar da sukari, su raunana ƙashin kansa. Idan ka daɗe kana sha, tsayar da shi farat ɗaya ma haɗari ne, don haka ka tafi da ƙwayoyin asibiti likita ya gani, a duba gwiwar kuma.