Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Gidana Ba Ya Daɗewa da Tsabta?

Tambaya: Bayan gaisuwa mai yawa. Ni ma'aikaciya ce mai yara uku, kuma ba na samun sukunin gyaran gida sai ranar hutun ƙarshen mako. Nakan wuni ina shara da goge-goge da wanki har bayana ya riƙe, amma kafin kwana uku gidan ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Kwanan baya na haɗa bilic (ruwan sinadarin da ke faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta) da ruwan wanke masai don ban-ɗaki ya fi fita, sai tari ya sarƙe ni, idanuna suka yi ta ruwa. Ina nake yin kuskure?
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, zan fara da batun ban-ɗakin, domin shi ya fi tayar mini da hankali. Don Allah kada ki sake haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Yawancin ruwan wanke masai yana da asid a ciki, kuma idan asid ya haɗu da bilic sai iskar kulorin ta tashi, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, musamman a ɗan ƙaramin wuri marar taga. Haka nan idan aka haɗa bilic da sinadarin da ke ɗauke da amoniya, wata iska mai guba ce ke fitowa. Idan har yanzu kina tari ko numfashinki na yin nauyi, ki je likita ya duba ki. Ruwa mai sanyi kaɗai ake sirka bilic da shi: idan ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, mililita 20 a cikin lita 1 ta ruwa ya wadatar. A fara wanke wurin da sabulu, domin datti yana rage wa bilic ƙarfi, sannan a shafa, a bar shi aƙalla minti 1 kafin a ɗauraye. Abin da aka sirka yau ba a ajiye shi zuwa gobe.

Game da gajiyarki kuwa, a ganina ba ƙwazo kika rasa ba, aikin kwana bakwai ne kike tara wa rana guda. Kwanon da za a wanke cikin minti ɗaya bayan cin abinci, idan ya kwana sai an jiƙa shi an kankare, kuma kafin gari ya waye ya riga ya gayyato kyankyasai. Saboda haka ki ware minti 15 kowane dare, a lokaci guda da ba ya canzawa, ki wanke kwanuka, ki goge wurin girki, ki fitar da shara, sannan a mayar da kowane abu mazauninsa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Takalmin da ba shi da wurin ajiya a bakin ƙofa zai kwana, jakar makaranta kuma a kan kujera, komai yawan faɗan da kika yi. Ki kafa ƙusa uku daidai tsayin yaran, kowa da tasa, ki ajiye kwando ɗaya na kayan wasa, za ki ga rabin hargitsin falo ya tafi.

Manyan ayyuka kuma a raba su a kwanakin mako, yau ban-ɗaki, gobe zannuwan gado, jibi tagogi. Idan za ki gyara ɗaki, ki fara daga sama: yanar gizo-gizo, fanka, saman kabad, sannan tebur, shara da goge ƙasa su zo a ƙarshe, in ba haka ba ƙurar sama za ta sauko kan inda kika gama. Ki yi amfani da tsumma mai ɗan danshi, domin busasshen tsumma tayar da ƙura kawai yake yi, ta yi yawo ta dawo.

Akwai abu ɗaya da nake so ki sa wa ido ko da kin gaza yin sauran, wato danshi. Fumfuna kan fara tsirowa a jiƙaƙƙen wuri cikin kwana 1 zuwa 2, don haka tawul da soso da tsumman goge ƙasa a matse su a shanya su bayan an gama, kada a dunƙule su a cikin bokiti. Ruwan da ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunyar fure ko a tsohuwar roba ya ishi sauro ya yi ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Sau ɗaya a mako ki zagaya gidan ki zubar da irin wannan ruwa, ki goge cikin mazubin da soso, ki kife shi. Wannan zagayen ma aiki ne da babban cikin yaranki zai iya ɗauke miki, idan kika nuna masa sau ɗaya ko biyu.