Amsa ga ɗan'uwa na Gusau kan na'urar sarrafa FL Studio

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko ya dace ka sayi kwantirola ta MIDI, wato na'ura mai makullai irin na piyano da ake jonawa da kwamfuta, ko ka ci gaba da linzamin kwamfuta wajen haɗa kiɗa a manhajar FL Studio. Ni dai shawarata ka saya, amma ƙarama.

Ka fara sanin cewa ita kanta ba ta fitar da sauti, saƙo kawai take aika wa manhaja, kowane maɓallin da ake murzawa na aika lamba daga 0 zuwa 127. Amfaninta a hannu yake. Da linzami abu ɗaya kake taɓawa a lokaci guda. Da ita kuwa kana rage ƙarar piyano da hagu, kana ɗaga muryar mawaƙi da dama. Inda ta fi burge ni shi ne kiɗan kalangu: in ka buga shi da yatsa a kan faifan roba, tana jin ƙarfin bugun, sai ya fito da rai, ba kamar wanda aka jera da linzami a akwatunan manhaja ba.

Ƙaramar kwantirola Akai MPK Mini ta ishe ka: makullai 25, faifan bugu 8. Wutarta daga USB take sha, ko an ɗauke wuta laftof na riƙe ta.

In ka ji sauti na makara bayan ka danna, shiga saitin sauti na manhajar, ka koma kan ASIO (direban sauti mai rage jinkiri), ka rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Kuma don Allah ka riƙa rufe ta da ƙyalle, ƙurar hunturun Gusau na shiga maɓallan.